Kamfanin Gini da Ya Iya Siminti, Bai Iya Maƙwabta Ba

A 'yan shekarun nan an samu ƙananan kamfanoni da dama a Sakkwato waɗanda ke karɓar aikin gini tun daga zane har zuwa miƙa makulli, suna yi wa mutum alkawarin raba shi da wahalar bin birkila da kafinta da mai tifar yashi. Wannan sharhi ne a kan ɗaya daga cikinsu, wanda ni da 'yan uwana muka ba shi aikin gina mana gidan haya da kuɗin gadon mahaifinmu, a kan fili mai ƙafa 50 da 100 a wata sabuwar unguwa da ke bayan Arkilla. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan yaba da abin da zan kushe duk ana samun su a wurin takwarorinsa, kuma mai niyyar gini zai fi amfana da sanin abin da zai tambaya fiye da sanin suna. Hukuncina a taƙaice shi ne, kamfanin ya san takarda kuma ya san siminti, amma ya ɗauki maƙwabta a matsayin abin da ba ya cikin aikinsa, alhali a wannan gari su ne ke iya tsayar da gini ko da takardun mai shi sun cika.

Mun zaɓi gidan haya ne saboda kowa a Sakkwato ya san yadda samun wurin zama ya zama jidali. Garin yana hedikwatar gwamnati tun 1967 da aka kafa Jihar Arewa maso Yamma, ya ci gaba da zama haka bayan an ƙirƙiro Jihar Sakkwato a 1976, ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da aka kafa a 1975, ga jami'ar jiha da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, kowace da malamanta da ɗalibanta masu neman ɗaki. A kan wannan sai ga mutanen da rashin tsaro ya raba da garuruwansu a yankunan Isa da Sabon Birni da Rabah da Goronyo, waɗanda da yawansu suka sauka a gidajen dangi, masu ɗan hali kuma suka shiga neman haya. Garin ba ya iya faɗaɗa yadda ya so ta arewa saboda fadamar gulbi, kuma wanda ya ga ambaliyar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar zuwa mazaunin jami'a na dindindin, ba ya bukatar a yi masa bayanin dalili. Shi ya sa gine-gine suka karkata zuwa Arkilla da Kalambaina da Bado da Mabera da Dambuwa da Tamaje, inda gonakin gero suka koma fulotai. Rukunonin gidajen da gwamnatoci suka gina a wurare irin su Gwiwa da Bado da Gidan Salanke sun rufa wa waɗanda suka samu asiri, sai dai masu nema sun fi gidajen yawa nesa ba kusa ba. Da wannan lissafi muka nemi a zana mana gida huɗu a fili ɗaya, biyu a ƙasa biyu a sama, kowane da ɗaki biyu da falo da kicin da bayi.

A ɓangaren takardu ba ni da abin faɗa sai yabo. Kafin su karɓi ko kwabo na aikin gini, sun nemi ganin asalin takardar filin, suka bi fayil ɗinsa, suka kawo mai awo ya gano duwatsun iyaka huɗu, domin su tabbatar abin da ke ƙasa ya yi daidai da abin da ke takarda. Sun zauna sun yi wa ƙannena mata bayanin abin da mutane da yawa ba su damu da shi ba sai rigima ta taso, wato Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, abin da mutum ke riƙe da shi izinin zama ne wanda galibi ake bayarwa na shekara 99, kuma sayar da shi ga wani yana bukatar amincewar gwamna. Sun nuna mana bambancin filin da gwamnati ta yanka da filin awon igiya, wanda mai gona da dillali ke yankawa da shaidar mai unguwa kawai, inda sau da yawa ake matse hanya domin a fitar da ƙarin fuloti ɗaya. Sun kuma ƙi fara haƙa tushe sai da izinin gini ya fito daga hukumar tsara birane ta jiha. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu a rubuce take, da lissafin kayan aiki dalla-dalla, kuma an raba biya kashi-kashi: tushe, linta, dekin, rufi, sai ƙarashe. Akwai sharaɗin cewa idan farashin kaya ya tashi mu za mu cika, sharaɗin da ban ga laifinsa ba a ƙasar da buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, bayan cire tallafin mai da sakin darajar naira a 2023. Kasancewar masana'antar siminti tana nan Kalambaina tun shekarun 1960, ana hango ta daga unguwarmu, bai sa mun saye shi da rahusa ba.

Aikin hannunsu ma ya gamsar da ni. Ba su sayi bulo a bakin titi ba, a filin suka buga shi, kuma injiniyan da ke kula da aikin bai yarda a wuce bulo 30 mai inci 9 a buhu ɗaya ba, alhali masu bugawa don sayarwa sukan ja buhu ya yi nisa da haka. Na gan shi da idona ya ɗauki bulo ɗaya daga cikin jeri, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake shi a kan ƙasa mai tauri, bulon ya faɗi ya ɓantare kaɗan a kusurwa bai tarwatse ba, sannan ya ce wa leburori su fara ɗauka. Ya sa ana ba bulo ruwa safe da yamma har mako guda, abin da ke da tsada a unguwar da ruwa sai an saya a wurin 'yan ga-ruwa ko an kira tanka, amma wanda ya san zafin Afrilu da Mayu a Sakkwato, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, ya san simintin da ya bushe da gaggawa ba ya yin ƙarfi. Zubin ginshiƙai da na dekin duk bayan sallar asuba aka fara su saboda wannan dalili, kuma bai bari a cire katakon da ke tallafe da dekin ba sai da kankare ya yi makonni yana kamawa. Ya ɗaga silin sama fiye da yadda aka saba, ya rage tagogi a bangon yamma inda rana ke dukan gini da la'asar. Inda suka gaza a aikin hannu shi ne famfo, domin wanda suka ɗauko ya haɗa bututun bayi na sama ya yi aikin gaggawa, har sai da aka fasa tayil aka sake. Sun gyara da kuɗinsu ba tare da gardama ba.

Matsalar da ta fi ci mana lokaci da kuɗi ta taso ne a ranar da kafintoci suka fara kafa katakon dekin. Har zuwa lokacin maƙwabta suna zaton gidan ƙasa, wato marar bene, ake ginawa kamar nasu, domin babu wanda ya gaya musu komai, kuma a layin babu bene ko ɗaya. Da suka ga inda aka dosa, sai magidanta suka haɗu suka kai ƙara wurin mai unguwa, shi kuma ya aiko a kira mu. Ƙorafinsu na farko, wanda ya fi kowane nauyi, shi ne tagogin sama. Zanen da kamfanin ya yi ya sa manyan tagogi a ɗakunan kwana ta gabas da baranda a baya, kuma duk wanda ya tsaya a wurin zai ga tsakar gidan mutum biyu tsaf, har da madafa da bakin rijiya da hanyar kewaye. Wani dattijo da gidansa ke jingine da katangarmu ya ce da ni a gaban jama'a: “Malam, iyalina a tsakar gida suke wuni, nan suke daka, nan suke wanki, da zafi nan muke kwana. Idan ka gina wannan, ka kulle su a ɗaki ke nan.” Ban samu abin da zan mayar masa ba, domin gaskiya ya faɗa. Gidan Bahaushe an tsara shi ne a kan sutura, tun daga zaure har zuwa doguwar katanga, kuma tsakar gida ita ce ɗakin da ya fi kowane amfani a cikinsa, musamman a garin da wutar lantarki ba ta da tabbas kuma ɗaki ba ya shiguwa da rana a bazara.

A nan kamfanin ya nuna iyakar saninsa. Injiniyan da na yaba wa a kan bulo ya zo zaman da jakar takardu, ya fito da izinin gini ya ce: “Ranka ya daɗe, hukuma ta duba zanen nan ta amince, ba mu shiga filin kowa ba.” Mai unguwa ya karɓa ya duba, ya mayar masa, ya ce ya ga hatimi, amma shi da mutanen nan zai kwana a unguwa, kuma ba zai ce su yi shiru a kan abin da shari'a ta ba su haƙƙi a kansa ba. Maganarsa tana da tushe. Hadisin da ya hana cuta da cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, kuma malaman mazhabar Malikiyya, wadda ita ake bi a ƙasar nan tun kafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Sakkwato a 1809, sun daɗe da yin hukunci cewa mutum yana da ikon ɗaga gininsa, amma ba shi da ikon buɗe tagar da za ta tona asirin gidan maƙwabcinsa, idan ya buɗe kuwa ana tilasta masa toshewa. Kamfanin da ke gini a Sakkwato bai kamata a ce sai an tuna masa wannan a zauren mai unguwa ba. Zanen da suka ba mu, kamar yadda na fahimta daga baya, irin wanda ake yi wa rukunin gidaje ne a Abuja, inda kowane gida bene ne kuma babu mai tsakar gida, aka ɗan rage shi ya shiga filinmu.

Ƙorafi na biyu a kan ruwa ne, kuma shi ma yana da hujja. Layin ba shi da lambatu, ruwan sama a nan kuwa ko da yake ba shi da yawa a shekara, yakan zo a dunƙule cikin Yuli da Agusta, kuma zanen ya juya indararon rufin gaba ɗaya zuwa lungun da ke gangarawa ƙofar gidaje uku. Ga kuma sokawe na iyali huɗu da aka sa a kusurwar da ta fi kusa da rijiyar maƙwabci, alhali ƙa'idar da ma'aikatan lafiya ke bayarwa ita ce a bar tazara mai yawa tsakanin ramin ƙazanta da ruwan sha. Da wani daga kamfanin ya zagaya layin ya leƙa ta kan katanga kafin a yi zane, da ya ga rijiyar.

Aiki ya tsaya na tsawon lokaci, kamfanin ya janye ma'aikatansa zuwa wani aikin, ya bar mu da zirga-zirga tsakanin mai unguwa da limamin masallacin layin da dattawa. Da na nemi su zo mu zauna da mutanen, sai manajan ya ce yarjejeniyarmu ta gini ce, sulhu da maƙwabta na mai fili ne. A takarda ya yi gaskiya, amma zanensu ne ya jawo rigimar. Wanda ya warware ta a ƙarshe wani tsohon birkila ne a cikin ma'aikatansu, wanda ya ce a ɗaga tagogin gabas su wuce tsayin mutum, a sa musu gilashi mai duhu, a rufe barandar baya da bulo mai huda wanda iska ke shiga amma ido ba ya sauka ƙasa, a kuma ƙara wa katangar da ke tsakaninmu da dattijon nan layi uku. An mayar da sokawe gaban gida, an haɗa indararo da bututu zuwa babban titi. Mun hau da dattijon da ɗansa har saman dekin, suka tsaya a inda kowace taga za ta kasance suka duba da kansu, sannan ya ce ya yafe. Kuɗin sabon zane da rushe abin da aka riga aka ɗora duk a kanmu suka faɗa, kuma kafin a dawo aiki rodi da siminti sun ƙara kuɗi, sharaɗin nan na tashin farashi ya hau kanmu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gyaran bai rage wa gidan komai ba, ɗakunan ma sun fi sanyi da tagogin da aka ɗaga, wato da an yi haka tun farko babu wanda zai yi asara.

Akwai ƙorafi na uku wanda ban yarda da shi ba, kuma ya kamata a faɗe shi domin kada a ɗauka duk abin da maƙwabta suka kawo daidai ne. Bayan an gama da taga da ruwa, wasu daga cikinsu suka fito da ainihin abin da ke ransu, wato ba su son gidan haya a layin ko kaɗan. Suka ce 'yan haya ba a san asalinsu ba, za su kawo hayaniya, za su cika masallaci da layin ɗiban ruwa, suka nemi mu yi alkawarin ba za mu ba ɗalibai ko marasa aure ko mutanen da suka taso daga ƙauyukan gabas ba. Na fahimci tsoron da halin tsaro ya jefa mutane a ciki, kuma neman mai tsaya wa ɗan haya da sanar da mai unguwa kafin ya tare abu ne da na amince da shi nan take. Amma hana mutum wurin kwana saboda an ƙone garinsu zalunci ne a kan wanda aka riga aka zalunta. Yawancin masu wannan magana su ma baƙi ne a wurin, shekarun baya kaɗan gonar wani ce suka saya suka gina, kuma da yawansu daga gidan haya suka taso. 'Ya'yansu da ke shirin aure a kan albashin da mafi ƙanƙantarsa naira 70,000 ne tun 2024 ba za su iya sayen fili su gina ba, haya za su nema, kuma idan kowace unguwa ta ce a kai gidan haya wata unguwar, kuɗin hayar da iyayen ke kuka da shi ba zai sauko ba. Filin da ke ɗaukar iyali ɗaya idan an yi gidan ƙasa yana ɗaukar huɗu idan an hau sama, kuma kowane bene da aka hana a cikin gari wata gona ce za a yanka a wajen Kwannawa ko Wamakko, inda babu titi babu ruwa, kuma kuɗin mashin zuwa wurin aiki zai cinye abin da aka rage a haya. A wannan gaɓar mai unguwa da liman sun tsaya tare da mu, liman ya tunatar da su haƙƙin baƙo, maganar ta mutu. Kamfanin bai san ma an yi ta ba.

Bayan an gama ginin sun karɓi aikin nemo 'yan haya da karɓar kuɗi a kan la'ada. Gidajen huɗu sun samu masu shiga tun fenti bai gama bushewa ba, abin da ya fi nuna yawan masu nema fiye da ƙwazon kamfanin. Suna ba da rasit, suna turo kuɗi a kan lokaci, kuma suna amsa waya idan famfo ya lalace. Na ƙi yarda da shawararsu ta a nemi kuɗin shekara biyu a dunƙule, muka tsaya a kan shekara ɗaya, kuma na lura suna son karɓar la'ada daga ɓangaren mai gida da na ɗan haya a lokaci guda, abin da sai da muka yi magana a kai kafin su rage.

Ga wanda zai gina gidan ƙasa na zaman kansa, ko wanda filinsa ke cikin rukunin da kowa bene ya yi, ina ganin kuɗin da kamfanin ke caji ya cancanta, musamman ga ma'aikacin da ba shi da lokacin tsayawa a kan birkila ko wanda ke zaune a wani gari, domin abin da za a sace masa a siminti da rodi idan babu mai kula ya fi abin da zai biya su. Wanda kuwa zai hau sama a tsakiyar gidajen ƙasa, a Mabera ne ko Arkilla ko Gidan Igwai, ya sa a rubuta a cikin yarjejeniya cewa mai zane zai zo filin da ƙafarsa ya ga gidajen da ke kewaye kafin ya zana komai, za a nuna wa mai unguwa da maƙwabtan da ke jingine da filin zanen kafin a kai shi neman izini, kuma duk gyaran da ya taso saboda taga ko indararo ko sokawe kamfanin ne zai ɗauki nauyinsa. Na gaya wa manajan haka da bakina lokacin da ya zo karɓar cikon kuɗinsu, ya ce za su duba, amma a aikin da suka fara bayan namu a wata unguwa na ga irin tagogin nan a zanen da ke manne a jikin allo.